Harshe da Nauyin Shaida a Cikin Littafin Murambi na Boubacar Boris Diop

1.0 Gabatarwa

Daga watan Afrilu zuwa Yuli na 1994, a cikin kimanin kwana 100, aka hallaka mutane wajen 800,000 a ƙasar Ruwanda, akasarinsu 'yan ƙabilar Tutsi. A 1998 wata ƙungiya ta marubutan Afirka, bisa jagorancin Nocky Djedanoum na ƙasar Chadi, ta ziyarci Ruwanda domin ta ji daga bakin waɗanda suka tsira. Boubacar Boris Diop na ƙasar Senegal yana cikinsu, kuma daga wannan tafiya ya samar da ƙagaggen labarinsa Murambi, wanda aka buga da Faransanci a 2000, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2006. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda marubucin ya ɗauki nauyin shaida a kan abin da bai gani da idonsa ba.

2.0 Zubi da Tsari

An kasa littafin kashi huɗu. A kashi na ɗaya da na uku, mutane daban-daban ne ke ba da labari da bakinsu: mai shagon bidiyo a Kigali, da ɗan ƙungiyar Interahamwe, da Jessica mai yi wa 'yan tawaye leƙen asiri, har da wani hafsan sojan Faransa. A kashi na biyu da na huɗu kuwa, marubucin ne ke bin sawun tauraronsa Cornelius, wanda ya komo gida daga Jibuti bayan shekaru yana gudun hijira.

Wannan tsari shi ne ƙashin bayan littafin. Ta hanyarsa Diop ya kauce wa yi wa matattu magana da yawunsu. Cornelius baƙo ne ga abin da ya faru, tamkar shi marubucin. Ya zo da niyyar rubuta wasan kwaikwayo, sai ya iske cewa mahaifinsa, Dakta Karekezi, shi ne ya shirya kisan da aka yi a makarantar koyon sana'a ta Murambi, inda dubban mutane suka nemi mafaka, kuma matarsa da 'ya'yansa suna cikin waɗanda aka kashe. Daga nan shaida ta zame wa Cornelius bashi, domin shi ɗan wadda aka kashe ne, kuma ɗan wanda ya yi kisan.

3.0 Sarrafa Harshe

Abin da zai fi jan hankalin manazarta harshe shi ne yadda aka yi kisan da kalmomi kafin a yi shi da adda. Gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran Tutsi "inyenzi", wato kyankyaso, su kuma makasa suna kiran kisan "aiki". Diop ya sa makashi ya yi magana cikin natsuwa, kamar manomin da ke lissafin kwanakin huɗa. Wannan sanyin murya ya fi kururuwa razanarwa, domin ya nuna cewa mutumin da aka sauya wa suna an riga an sauƙaƙa kashe shi.

Sai dai akwai rauni. Dattijo Siméon, wanda marubucin ya ɗora wa hikimar littafin, a wasu wurare maganarsa takan rikiɗe ta koma wa'azi, har muryar marubucin ta rinjayi tasa. Haka kuma an yi kisan da Kinyaruwanda, an yi kukan da Kinyaruwanda, amma aka rubuta shaidar da Faransanci, harshen ƙasar da littafin kansa yake tuhuma kan rawar da sojojinta suka taka a 1994. Da alama Diop ya ji nauyin wannan, domin a 2003 ya fitar da Doomi Golo da harshensa na Wolof.

4.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin littafin yana cikin rarraba muryoyi da bankaɗo yadda harshe ke share fagen kisa. Tambayar da ya bari ta shafi manazarta harsunan Nijeriya kai tsaye. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar shaidu masu yawa, amma sanannun rubuce-rubucen da aka yi a kansa galibi da Ingilishi suke. Tsofaffin da suka ga yaƙin kuwa suna ta ƙarewa, kuma tattara labaransu da harsunan da suka ji tsoro a cikinsu aiki ne da ke jiran sassan harsuna na jami'o'i.