Wankan gida a bakin iyaka: haihuwar fari tsakanin Gaya, Kamba da Malanbil

Idan cikin fari ya kai wata bakwai ko takwas, mace takan tattara kayanta ta koma gidan iyayenta goyon ciki. A can za ta haihu, a can za a yi mata wankan jego, ba za ta dawo ɗakinta ba sai ta yi arba'in. Haka ake yi a kusan ko'ina a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Abin da ya bambanta Gaya ta Nijar shi ne gidan iyayen nan sau da yawa yana wata ƙasa. Matar da aka auro daga Kamba, a Jihar Kabi, za ta koma Najeriya ta haihu. Wadda aka auro daga Malanbil za ta tsallaka kogin Kwara zuwa Benin. A idon hukuma wannan fita waje ce, mai bukatar takarda da hatimi. A idon dangi kuwa, yarinya ce ta tafi wajen uwarta. Ra'ayina shi ne wannan tafiya ita ce babbar kariyar da mai haihuwar fari take da ita a yankin, kuma gyaran da take bukata bai kai ɓarnar da ake yi mata ba duk lokacin da aka tare hanya.

Ƙasar Dandi, inda garuruwan nan uku suke, ta riga iyakokin da suka keta ta. Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna auratayya a gaɓar kogin kafin Faransa da Ingila su zauna, tsakanin 1898 da 1906, su shata layin da ya raba Nijar da Najeriya. Layin ya bi ta tsakiyar garin Dole Kaina, ɓangare guda a Nijar, ɗayan a Najeriya. Ta wajen Benin ma sai a 2005 Kotun Duniya ta yanke wa Nijar tsibirin Lete. Masanin nan Olivier Walther, da ya yi nazarin fataken Gaya da Malanbil da Kamba, ya nuna cewa kasuwannin garuruwan uku suna aiki ne a sarƙe da juna. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aure yana bin sawun ciniki. Ɗan kasuwar da ke sayen kaya a Malanbil ya sayar a Kamba yakan ba abokin hulɗarsa 'yarsa, amana ta ƙaru, kuma bayan shekara guda wannan 'yar ce za ta hau kabu-kabu da tsohon ciki ta nufi gida.

Sai an duba jego kusa-kusa ake gane abin da tafiyar ke saya. Tun kafin asuba kakar jariri ta hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa maijego a jiki, da la'asar a sake. Tsakanin wanka da wanka akwai kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji. Maijego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta shiga madafa. Tsohuwar ce ke gasa wa jariri cibiya, ita ke nuna wa yarinyar yadda ake kama nono a sa masa a baki, ita ke karɓarsa da tsakar dare idan ya ƙi yin shiru. Mafi muhimmanci, ita ce idon da ke kan maijego dare da rana. Idan jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya taso, uwa ce za ta fara gani, kuma a gaban uwa ne yarinya mai kunyar ɗan fari za ta iya buɗe baki ta ce ga inda ke mata ciwo. A gidan miji, gaban suruka da kishiya, sau da yawa shiru za ta yi. Babu asibitin da ke ba mace kwana 40 na irin wannan kulawa, a Gaya ko a Yamai.

Ranar suna kuma ba ta jiran kowa. Kwana bakwai cif, da safe liman ya raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski, a raba goro. Dole uban yaro da danginsa su iso da ragon da turamen zane da kayan barka, ana lissafi rabi da sefa rabi da naira. A nan ne rufe iyaka ke nuna illarsa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019 don hana shigo da shinkafa, kuma mashigar Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar ɓangarenta na gadar a rufe. Haihuwa ba ta tsaya ba a duk wannan lokaci. Abin da ya canza shi ne hanya: mai tsohon ciki da maijego mai jaririn kwana 40 a baya suka koma shiga kwalekwale tare da buhunan kaya da babura, ko bin ɓarauniyar hanya a daji, kuɗin tafiya ya ninka. Babban ɗan kasuwa yana da yadda zai yi da kayansa. Nauyin ya sauka a kan wadda ba ta ɗauke da komai sai ɗa.

Masu sukar wannan al'ada suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa da kanwa mai yawa da zafin da ake ɗora wa maijego. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Wannan gaskiya ce da bai kamata a rufe ta da sunan al'ada ba. Sai dai abin da binciken ya kama shi ne kanwar da zafin ruwan. Bai kama hutun ba, bai kama kasancewar uwa kusa ba. Ana iya sirka ruwa, a rage kanwa ko a bar ta, a kai mace awo, ta haihu a hannun ungozomar asibiti, sannan ta wuce ɗakin uwarta. Wadda za ta iya tabbatar da wannan gyara ita ce kakar da kanta, don haka ita ya kamata ma'aikatan lafiya su nema su zauna da ita, ko tana wane gefen kogi.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wajena, ita ce ta takarda. Yaron da ubansa ɗan Gaya ne amma aka haife shi a Kamba yakan dawo ba takardar haihuwa. Ba a yi masa ta Najeriya ba don ana ganin baƙo ne mai tafiya, ba a yi masa ta Nijar ba don kafin a dawo an shagala, wa'adin bayyana haihuwa a ofishin magajin gari ya wuce. Ba a jin zafin abin sai ranar da zai zauna jarrabawa a lakkwal, a ce sai an je gaban alƙali da shaidu. Katin rigakafi ma haka, an fara allura a can da Ingilishi, a nan ma'aikaci yana neman na Faransanci. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, amma amfanin irin wannan tsari yana raguwa idan ba a san allurar da yaro ya sha ba. Wasu na cewa maganin abin shi ne mace ta zauna ta haihu a garin mijinta. Ni ina ganin an juya maganar. Ya fi sauƙi ofis ya koyi karɓar shaidar haihuwa daga asibitin da ke tsallaken kogi, ya ba da wa'adin da ya san da arba'in, fiye da a raba yarinya 'yar shekara 18 da uwarta a haihuwarta ta fari. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta yi tunanin fatake da ma'aikata, ba ta yi tunanin jariri ba. Yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, duk wata sabuwar yarjejeniya da za a ƙulla da Najeriya ko Benin dama ce ta cike wannan giɓi.

Maganar tsaro kuwa ba a musa ta, yankin yana fama da 'yan bindiga, kuma hukuma tana da haƙƙin sanin wanda ke shiga ƙasarta. Amma toshe gada ba ya sanar da ita komai. Matar da a da za ta bi ta gaban jandarma a rubuta sunanta, yanzu tana sauka a wata mashaya da ba mai ganinta. Kuma tafiyar ba sau ɗaya ba ce. Bayan arba'in akwai yawon nuna jariri ga dangi, bayan kusan shekara biyu akwai yaye, inda ake sake kai yaron wajen kakarsa ya kwana biyu har ya manta da nono, ga kuma sallah da bukukuwan ƙannen uwa. Kafin yaron Gaya ya shiga aji ɗaya ya tsallaka iyaka sau da dama, ya ji Dandanci da Hausa da Zabarmanci, ya san kuɗi iri biyu. Katin mazauna iyaka mai araha, wanda zai ɗauki sunan uwa da na ɗan da ke bayanta, zai ba jami'in da ke bakin gada bayanin da yake nema, ya kuma dawo da maijego kan kwalta.