Jinjina ga Mai Tsara Sallamar Babbar Kwamfuta

Duk ma'aikacin bankin da ya taɓa zama gaban allon IBM 3270, mai layi 24 da gurbin harafi 80 a kowane layi, ya tarar da kalmomin maraba suna jiransa tun bai shigar da sunansa ba, to, lalle wani bawan Allah ne ya tsara su. Shi ne masanin VTAM, manhajar sadarwa ta babbar kwamfuta, wanda ya buɗe jadawalin USSTAB, ya sake fasalin saƙo na 10, wato na maraba, yana auna mazaunin kowane harafi da haƙurin mai kwafar littafi, domin kuskuren adadi guda kan hargitsa allon. Hatta saƙo na 7, mai sanar da gazawar haɗuwa, yakan tausasa lafazinsa, don kada mai aikin dare ya firgita alhali ba kowa kusa da shi.