Dirakta Ya Ba Kansa Maki

Duk ƙarshen shekarar karatu, diraktan lakwal yakan zauna ya rubuta bilan: azuzuwan zana nawa aka kafa, tabura nawa aka gyara, taro nawa aka yi. Takardar nan ita ce madubin da yake duba shugabancinsa, kuma ni dai a ganina madubi ne mai son kai.

Tsarin da ya haifar da ita ba shi da laifi. An kafa kwamitocin COGES, waɗanda yanzu ake kira CGDES, don a sauko da ragamar makaranta daga Yamai zuwa hannun mutanen gari. Shirin da Japan ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004, ya kawo zaɓen ƴan kwamiti da ƙuri'ar asiri, da tsara ayyukan shekara a gaban taron jama'a. Uba ne shugaban kwamiti, dirakta sakatare.

To, nan gizo ke saƙar. Sakatare shi ke da alƙalami. Shi ke rubuta abin da aka ce a taro, shi ke cika takardu da Faransanci, shi ke aika su wajen ansipekta. Shugaban kwamiti, wanda sau da yawa manomi ne da ya yi karatun allo kawai, sai ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Wanda ake aunawa shi ne riƙe da ma'auni.

Ku duba ma abin da ake ƙirgawa. Zana da tabur ana ganinsu da ido, ana iya nuna wa baƙo. Amma kwana nawa mushe bai shiga aji ba? Ƴan mata nawa suka daina zuwa bayan hutu, kuma wa ya bi su gida? Yara nawa ne a CM2 ba su iya karanta layi biyu? Dirakta na iya cewa ya cika aikinsa ɗari bisa ɗari alhali waɗannan tambayoyi ba su shiga takardarsa ba.

Gaskiya, ba duka laifinsa ba ne. Da yawansu suna riƙe da aji ga kuma aikin biro, ga malaman kwantiragi da albashinsu ke makara. In ya rubuta gazawa, tsoronsa kada ta koma kansa. Amma laifi tudu ne: wanda ya taka nasa ba zai gan shi ba.

Shi ya sa nake cewa a karanta bilan da Hausa a gaban iyaye, a bar ƙungiyar iyaye mata ta yi tambaya, a kira yara su yi karatu a bainar jama'a kafin a sa hannu. Mu ɗalibai da muke komawa ƙauye lokacin hutu mun iya Faransancin nan. Mu nemi takardar, mu fassara wa iyayenmu.