Idan Akori-kura Ta Ƙi Tashi

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ta Dawanau, ko wata kasuwar ƙauye ranar cinta, ya san tsohuwar akori-kurar nan ƙirar Peugeot 504 da kowa ke ce wa Fijo: bodi ya lotse, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, amma ga ta nan da buhuna sun fi rufinta tsawo. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, a 1975 kuma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Peugeot, aka ci gaba da haɗa 504 a nan shekaru da dama bayan Turawa sun daina. Ƙarfen yana da kyau, babu musu. Amma da ba don wasu tsofaffin kanikawa da ke zaune ƙarƙashin darbejiya ba, da tuni 'yan gwangwan sun auna ragowar a sikeli.

Irin wannan mota ba ta da kwamfutar da za a jona wa na'ura ta faɗi inda ke mata ciwo. Idan ta ƙi tashi, da kunne da hanci da yatsa ake tambayar ta, kuma a nan ake rarrabe kanikawa. Wani da ya ɗaga bonet sai ya tura ka Ƙofar Ruwa sayen fulogi. Ba ta tashi ba, a sayo kwil. Ba ta tashi ba, a sauke kabureta. Ƙila a ƙarshe ta tashi, amma shi kansa bai san abin da ya tashe ta ba, aljihunka ne ya yi binciken. Gwanin da nake nufi yakan daɗe a tsaye hannunsa bai taɓa sifana ba.

Da mai motar yake farawa. "Alhaji, kana cikin tafiya ta mutu, ko kwana ta yi ta ƙi tashi?" In a tafiya ne, sai ya so ya ji ko farat ɗaya ta ɗauke, ko sai da ta yi ta fizga tana rasa ƙarfi. Wadda ta ɗauke farat ɗaya galibi wuta ce ta yanke mata. Wadda ta yi ta shaƙewa kafin ta mutu, mai ne ke ƙare mata a kabureta. Zai tambayi inda aka sha mai na ƙarshe, gidan mai ko wajen 'yan bumburutu. Sai tambayar da masu mota ba su cika amsa ta da gaskiya ba: wa ya taɓa ta kafin a kawo ta nan?

Sannan ya ce wa yaronsa, "Kai, murɗa makulli mu ji." Idan ƙas-ƙas kawai aka ji injin bai juya ba, sai ya sa a kunna fitilun gaba a sake murɗawa. Suka dusashe, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa; suka tsaya da haskensu, wutar ba ta isa sitata ba ne, a bi waya da makulli. Wannan ba ya cin lokaci. Akwai kuma juyin da kunnensa ba ya so, wato injin ya riƙa gudu sakayau ba tare da wannan nishin da yake yi duk sanda fistin ya matse iska ba.

In kuwa injin yana juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa, zargi ya koma kan abu biyu, wuta da mai, kuma gwanintar ita ce a wanke ɗaya kafin a taɓa ɗayan. Sai ya zare babbar wayar da ta fito daga kwil, ya riƙe ta da filaya mai roba a hannu, ya kusantar da bakinta jikin injin, a murɗa. Wuta shuɗiya mai ƙara ɗas-ɗas lafiyayya ce. Ja-ja mai rauni, wadda sai an kusan manna wayar take tsallakawa, ba za ta iya komai ba a cikin silinda, inda iska ke matse. Bayan haka ya cire murfin matatar iska, ya leƙa maƙogwaron kabureta, ya ja totur da hannu. Ya kamata a ga siririn fetur ya feso. Bai gani ba, sai ya ɗiga fetur kamar cikin murfin kwalba a ciki, ya janye fuskarsa, domin injin yakan yi tari da harshen wuta. Ta tashi ta yi 'yan daƙiƙu ta mutu? Shi ke nan, wuta ta wanke kanta, mai ne ba ya isowa.

Abin da na fi yaba masa shi ne ba ya saurin ɗora wa kabureta laifi. An sha barin jaki ana dukan taiki a wannan sana'a, saboda ciwon wuta ya iya shigar burtu ya fito a ciwon mai. Cikin distiributa akwai kwantak, ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa dubban lokuta a minti, kuma tazarar da ake so tsakaninsu wajen milimita 0.4 ce. Ɗan ƙafar da ke tura su yana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, lokacin tartsatsi ya ja baya, mota ta yi nauyi ta soma shan mai. Direba ya rantse kabureta ce. Kwandansa, wadda ba ta kai yatsa ba, idan ta gaji takan yi aiki da sanyi ta ƙi da zafi, haka kwil. Mota ta tashi da safe, ta yi tafiyar rabin awa ta mutu, a zauna a sha iska ta sake tashi. Da damina kuma raɓa kan kwanta cikin murfin distiributa, wutar ta bi wata 'yar tsaga da ido bai cika gani ba. Har jeren wayoyin fulogi yana dubawa, 1-3-4-2, yana sane da cewa Faransawa daga baya suke ƙirga silindarsu, ta ɗaya ita ce ta wajen kuloci, abin da ke rikita yaran da suka koyi aiki a kan motocin Japan.

Idan ya tabbata mai ne, daga tanki yake biyo shi. Ya buɗe murfin tanki yana saurare: in ya ji iska ta ja fuuu, ƙofar numfashin tankin ta toshe, famfo yana zuƙa babu abin da ke maye gurbin man, shi ya sa take mutuwa bayan 'yan kilomitoci. Ya cire tiyon da ya shiga kabureta ya sa bakin tiyon a kwalba, a juya injin, ya ga ko famfo na tofo mai da ƙarfi. Kwalbar ma shaida ce, domin ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa, tsatsar tanki ma haka. Waɗanda suka sha gurɓataccen man nan mai yawan methanol da ya shigo ƙasar a farkon 2022 ba su bukatar a faɗa musu abin da mummunan mai ke yi. Zai zaro sandar awon baƙin mai ya sansana. In ya ji warin fetur, ko ya ga baƙin man ya ƙaru maimakon ya ragu, fatar robar da ke cikin famfo ta yage, fetur na zuba cikin injin. A zafin Maris da Afrilu kuwa fetur kan tafasa cikin bututu ya zama tururi, famfo kuma bai iya tura tururi ba. Jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon ya isa ya tabbatar da wannan.

Galan ɗin nan da ake ɗorawa a rufin mota da tiyo zuwa kabureta, asalinsa gwaji ne mai kyau: in ta yi aiki da shi, laifin yana tsakanin tanki da famfo. Mayar da shi tanki na dindindin ganganci ne. Haka zuƙo fetur da baki, wanda har gwanayen ba su daina ba, kuma ban ga abin burgewa a cikinsa ba.

Cakuɗa mai da iska shi ne inda aikin ya yi zurfi. Injin fetur yana son iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai, wato lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Kabureta ke wannan damu, kuma kamar na kunu ne, ya yi kauri bai shawu ba, ya yi tsululu bai riƙe ciki ba. A cikinta akwai ɗan kofin da mai ke taruwa, da fulot mai yawo a kansa, da allurar da ke rufe ƙofa idan kofin ya cika. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a bakin allurar, ko fulot ya huje ya nutse, sai mai ya yi ambaliya: wari ya cika wurin, fulogi su jiƙe, mota ta ƙi tashi don mai ya yi mata yawa. Direba kuma ya yi ta bugun totur, yana ƙara mata abin da ya shaƙe ta. Bakanike sai ya ɗan ƙwanƙwasa jikin kofin da ƙotar sukundireba, ya ce a taka totur har ƙasa a riƙe, kada a saki, a murɗa. Iska ta shiga da yawa ta kwashe rarar, sai ka ji ta kama da baƙin hayaƙi. Matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe, ko cok da ya maƙale a rufe, su ma suna kawo wannan kaurin.

Ƙarancin mai ya fi wuyar kamawa, don sau da yawa ba man ne ya ragu ba, iska ce ke shigowa ta ɓarauniyar hanya: gaskit ɗin gindin kabureta ya tsage, ko sandar totur ta ci raminta, ko tiyon da ke zuwa tukunyar birki ya fashe. Motar ba ta zama a silo, tana tari ta kabureta, tana zafi. Sai ya ɗan rufe bakin kabureta da tafin hannu. Injin ya daidaita ya ƙara kuzari, to iska ce ta yi yawa. Ya shaƙe nan take, ba nan matsalar take ba.

Fulogi huɗun zai jera su a kan tsumma yadda suka fito, ba ya hautsina su. Kan da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa lafiya yake. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, wuta na cin ƙarfe. Duk huɗun iri ɗaya, a nemi abin da suka yi tarayya a kansa, kabureta ko taimin. Guda ɗaya ce ta fita daban, ciwon na silindarta ne ko wayarta, babu ruwan kabureta. Yana kuma la'akari da inda motar ke aiki. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, iskarta ta fi ta bakin teku sauƙi da kimanin kashi goma cikin ɗari, don haka motar da aka saita a ƙasa takan ɗan yi kauri idan ta hau ɗauko dankali.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, roƙon da ya fi yawa a gareji shi ne a rage wa mota shan mai. Mai neman a yabe shi sai ya ɗaure sukurun mai, ko ya sa jet mai ƙaramin rami. Sukurun nan silo kawai yake mulki. Da zarar an hau titi babban jet ne ke ba da mai. Ƙaramin jet kuma a motar da ke ɗaukar buhu ashirin, ƙarshensa ƙonewar bawul, kuma kuɗin gyaran ya ninka abin da aka tsimi a gidan mai. Gwani yakan ce, "Maigida, bari mu toshe inda yake zuba tukuna," ya gyara fulot da taimin da matatar iska, shan man ya sauka da kansa.

Shi ya sa sukurun ne abu na ƙarshe da yake taɓawa, bayan bawul da kwantak da taimin sun zauna, injin kuma ya yi zafinsa na aiki. Jet ya wanke shi da fetur ya hure da iska, ba ya zura masa waya, domin tagulla ce mai laushi, ramin ya ƙara faɗi ko da ƙanƙani ne ya lalace ke nan. Sukurun zai mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, ba ya ɗaurewa don kada tsininsa ya lanƙwashe, ya dawo da shi kamar zagaye biyu. Daga nan sai kunne. Ya shigar da shi kaɗan-kaɗan har injin ya soma ɗingishi, ya fito da shi har ya soma nauyi, ya tsaya a tsakani, inda ƙarar ta fi santsi. Ya ja totur ya saki ya ji yadda ta koma silo, ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa yana ƙirga bugun.

Wani lokaci duk wannan ba ya isa. Idan tun farko ya ji injin na juyawa sakayau, zai cire fulogi ya danna babban yatsa a ramin, a murɗa makulli. Silinda mai lafiya takan ture yatsan da ƙarfi. Wadda ringinta ya ƙare, ko bawul ya ƙone, ko gaskit ya hure, sai dai ta ɗan busa. Zai tsiyaya baƙin mai kaɗan a ramin ya sake gwadawa: matsi ya dawo, ringi ne, bai dawo ba, ciwon yana kan injin. A nan yakan goge hannu ya faɗa wa mai motar cewa sai an buɗe, ya lissafa masa abin da za a saya, da kwanakin da motar za ta yi ba ta je kasuwa ba.