Kalmar "Ma'aikaci" a Bakin Manoman Arewacin Kano

Ga ƙa'idar nahawu, kalmar ma'aikaci ba ta da wata wuya. An ciro ta daga aikata, kamar yadda aka ciro manomi daga noma, maƙeri daga ƙera, watau mai yin aiki ke nan, ko wane iri. Amma wanda ya ɗauki wannan ma'ana ya shiga da ita ƙauyukan Dambatta, ko Bichi, ko Dawakin Tofa, ba zai daɗe ba zai ga ta ƙi zama a bakin mutane. A wannan yanki gona tana manne da gona, ba a cika barin saura ba, kowace shekara sai an kai taki an sake shuka. Duk da haka mutumin da ya fita da fartanya tun asuba, bai komo ba sai azahar, ba a ce masa ma'aikaci. Ma'aikaci shi ne wanda ya ke jiran ƙarshen wata. In aka ce, "Wane ya sami aiki," kowa ya san ba gona aka ba shi ba.

Kalmar ba ita ta fara riƙe wannan matsayi ba. Bayan da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, waɗanda suka fito suka shiga hidimar En'e da sunan malam aka san su, sa'an nan a rarrabe su da abin da su ke kula da shi: malamin gona, malamin daji, malamin asibiti. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe, sai aka sami akawu, kalmar da aka aro daga Yarabanci, aka fi liƙa ta ga mai riƙe littafin kanti ko na ma'aunin kamfani. Malam na sarki ne, akawu na Bature. Ma'aikaci kuwa sai daga baya ya haɗiye su duka, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya cikin 1975, da shirin ilmin firamare na kowa da kowa da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da masu albashi suka yawaita har kusan kowane gari ya sami nasa. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 an tattara su kafin a kai nan, saboda haka malamin da ya tsaya gare su kaɗai zai koyar da Hausar da ta gabaci ɗalibansa.

Abin lura shi ne, kalmar ba ta duban irin aikin. Mai gadin sakatariya ma'aikaci ne, haka masinja da direban hukuma, ko da ba su taɓa zama bayan tebur ba. Ɗan kasuwar da ke sayen riɗi tirela-tirela a Dawanau, yana da ofis da kwamfuta, ba ma'aikaci ba ne, ko da ya ninka shugaban makaranta arziki sau ɗari. Ɗan ƙwadago ana biyansa kuɗi don guminsa, amma kuɗin yini ne, shi ma bai shiga ba. Abu biyu a ke nema: ubangida wanda ba ya mutuwa, da albashi mai zuwa wata-wata ko an yi ruwa ko an yi fari.

Wanda ya san gandu ba zai yi mamakin wannan ba. A gandu ɗa yana yi wa ubansa noma a ranakun da aka yanka, uban kuma ya ciyar da shi, ya biya masa haraji a zamanin da a ke biya, ya yi masa aure. Sauran lokaci na ɗan ne, ya tafi gayaunarsa. Malamin makarantar da ke koyarwa da safe, da yamma ya leƙa gonarsa, a idon ƙauye bai yi wani baƙon abu ba: ofis gandu ne, gona gayauna. Don haka ne ba a tuɓe masa sunan ko ya fi maƙwabtansa dami, in ya bar aiki ma sai a ce tsohon ma'aikaci. Don haka ne kuma a wajen binciken neman aure a kan tambaya ko yaron ma'aikaci ne. Tabbacin abinci a ke tambaya, ko da ya ke tsadar rayuwa ta rage wa amsar ƙarfin da ta ke da shi a da.

Akwai masu ganin wannan taƙaitawa ɓarna ce, ya kamata a mayar wa kalmar faɗinta. Wannan ra'ayi ba shi da ƙarfi. Mutanen karkara ba su yi hasarar kome ba, gama suna da noma, da sana'a, da ƙwadago, da gayya, da ci-rani, da talla, kowace da gurbinta. Kuskuren yana wajen masu ilmin boko, waɗanda su kan rubuta kalmar da ma'anarta mai faɗi, alhali kuwa mai sauraro da ƙuntatacciyar zai ji ta.

Ranar Ma'aikata misali ce. Gwamnatin Abubakar Rimi ta Jihar Kano ta mai da ɗaya ga Mayu ranar hutu cikin 1980, Tarayya ta bi cikin 1981. Jam'iyyar da ta kawo ta da sunan talakawa ta ci zaɓe, manufar ranar kuwa a duniya ta shafi duk mai ci da guminsa. Amma sunan da aka ba ta da Hausa ya fid da yawancin talakawan waje. Ranar tana faɗowa daidai lokacin sharar gona da kai taki, manomi kuwa ya ji sunan ya san ba da shi a ke ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne takardun tambaya na ƙidaya da bincike. In aka tambayi magidanci, "Wane aiki ka ke yi?" amsar ladabi ita ce, "Ba na aikin kome, sai ɗan noma." Mai cika takarda in bai yi hankali ba sai ya riƙe rabin farko ya zubar da na biyu. Ga mata abin ya fi muni. Tun cikin 1969 Polly Hill ta ja hankalin masana ga cinikin da matan kulle su ke yi daga cikin gida. Macen da ke matsar man gyaɗa, tana soya ƙuli-ƙuli, yara suna kai talla, da gaskiyarta za ta ce ba ta aiki. A kan irin waɗannan amsoshi a ke gina lissafin marasa aikin yi. Ko sauya tambayar da sana'a bai isa ba, domin da yawa sun ɗauki noma abin kowa ne, sai su ambaci fawa ko dukanci su yi shiru a kansa. Tilas a raba tambayar: ko yana noma, mece ce sana'arsa, sa'an nan ko yana karɓar albashi.

Rubutun boko ya ƙara wata 'yar wahala, da ya ke ba ya nuna karin sauti: ma'aikata mutane da ma'aikata wuri sifarsu ɗaya a takarda, sai a wajen liƙawa a ga ma'aikatan ilmi daban, Ma'aikatar Ilmi daban.

Ga malaman kwalejojin horo, kamar ta Tarayya da ke Bichi, wurin da abin ya fi kusa shi ne darasin insha'i. Kan maganar nan da aka saba bayarwa, watau aikin da yaro ya ke so ya yi in ya girma, ya riga ya zaɓa masa amsa. Ɗan manomi zai rubuta likita, ko soja, ko injiniya, a ɗauka ya raina gonar ubansa, alhali kalmar aiki ce ta hana shi ambatonta. In aka tambaye shi da me ya ke so ya riƙe gidansa, gona da kiwo za su iya shiga amsar.