The Farthest: Kumbon da Ya Tafi Bai Waiwayo Ba

Sau uku na kalli fim ɗin The Farthest cikin mako guda, kuma wallahi ban ƙoshi ba. Emer Reynolds, 'yar ƙasar Ayalan, ita ta shirya shi a 2017, kan kumbuna biyu marasa matuƙi, Voyager 1 da Voyager 2, waɗanda NASA ta harba a 1977. Ƙanena ya turo mini shi a waya. Na kalle shi a kan tabarma a tsakar gidanmu a Gwaram, dare ya raba, taurari sun cika sama fal.

Dubi dabarar da aka yi! Duniyoyin Mushtari da Zuhal da Yuranus da Naftun sun jeru, irin jerin da sai bayan kusan shekara 176 yake maimaituwa. Sai aka bar kowace duniya ta fizgi kumbon ta wurga shi gaba kamar dutse a majajjawa. Da haka Voyager 2 ya ratsa duka huɗun, ya isa Naftun a 1989. Har yau babu wani kumbo da ya sake leƙa Yuranus ko Naftun.

Inda tsigar jikina ta tashi shi ne labarin Io, ɗaya daga cikin watannin Mushtari. A 1979 Linda Morabito tana duba hoto don lissafin hanya, sai ta ga wani abu ya tokaro daga gefen watan. Ashe dutse ne ke aman wuta, na farko da aka taɓa gani yana yi a wajen duniyarmu. Su kuwa dattawan da suka yi aikin, irin su Ed Stone, yadda suke maganar kumbon sai ka ce ɗansu ne ya tafi ci-rani. Muryarsu a wayata take, amma kewarsu har cikin ƙirjina na ji ta.

Sai faifan zinaren da aka maƙala wa kowane kumbo, ɗauke da kiɗe-kiɗe da hotuna da gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci, babu Hausa, kuma wannan ya sosa mini rai. Amma nan take na tuna zanen shanun nan da ke jikin Dutsen Habude a Birnin Kudu. Wanda ya zana su bai san mu ba, ya dai bar wa duk wanda ya zo. Ina yaro na tsaya gabansu na kasa magana. Shirun da ya kama ni ke nan da aka nuno hoton 1990, duniyarmu daga nisan kusan kilomita biliyan 6, 'yar ɗigo kamar ƙwayar gero.

Tun 2012 Voyager 1 ya fice zuwa sararin da ke tsakanin taurari, kuma saƙonsa kan yi fiye da awa 22 kafin ya iso. Ranar Asabar zan ɗauki wayar zuwa Birnin Kudu, 'ya'yan yayata su kalla, daga nan mu hau dutsen.