"Gwajin jini" ko "sawun halitta"? Sharhi a kan fassarar ADN a fagen shari'a

Wannan ɗan sharhi ya shafi yadda ake fassara "test ADN" zuwa Hausa wajen binciken laifi. Fassara biyu suka fi yawo: "gwajin ƙwayoyin halitta" da "gwajin jini". Ta farko ta gidajen rediyo ce, kuma rauninta a fili yake, tunda da ita ake fassara "cellule" da "gène". Ta biyun ce ta fi damunmu.

Ta fuskar kimiyya ba ta dace ba. Dabarar da Alec Jeffreys ya gano a Ingila a 1984 tana aiki da miyau, da maniyyi, da saiwar gashi. Ta fuskar ma'ana kuwa, "jini" a Hausa asali ne: "jinina ne", "jininmu ɗaya". In jandarma ya ce wa manomin Tama ko na Buza za a gwada jininsa saboda wata wuƙa da aka tsinta, abin da zai ji shi ne ana shakkun ubansa. In ya ƙi, mai bincike ya ɗauke shi marar gaskiya.

Ba ƙauye kaɗai wannan ruɗani ya shafa ba. A shari'ar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya, wadda ta taso a Yamai a 2014, an yi ta maganar ADN. A Janairun 2015 kotu ta ce ba ta da hurumi sai an fara warware batun nasaba. Sai a Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa Hama Amadu ɗaurin shekara ɗaya. Ke nan tambaya biyu ce aka cuɗa: wa ya yi laifi, kuma ɗan wane ne? A Nijar nasaba tana cikin abubuwan da ake komawa ga al'ada a kansu, kuma a mazhabar Malikiyya aure ne ke tabbatar da uba.

Saboda haka muke ba da shawarar "sawun halitta". Makiyayin Adar ya san bin sawu, ya kuma san iyakarsa: sawu yana nuna mutum ya bi ta wurin, ba ya nuna shi ya kore shanun. Rahoton gwajin ma da lissafin yiwuwa yake magana ("probabilité"), abin da tafinta mai gaggawa kan taƙaita da "shi ne".